Ranar da Na Tona Asirin Alhaji Idi

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, a shekarata ta biyu a Alƙahira, farkon shekarun tamanin. Ina karatun shari'a da tallafin gwamnati, muna haya mu huɗu a unguwar Madinat Nasr. Iyayena suna can Zariya suna gaya wa maƙwabta cewa ɗansu ya nutse cikin littattafai. Na nutse kam, amma a sinima.

Akwai wata a tsakiyar gari mai nuna finafinan 'yan dabar Ingila duk Alhamis da la'asar, kuma ba na fashi. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Wani ɗan sane ne a lungunan Landan, ko takalmin kirki babu, sai uban dabar unguwa ya miƙa masa ƙunshi ya ce kai wuri kaza, kada ka buɗe, kada ka yi tambaya. Ya kai. Gobe a ba shi mota, jibi a ba shi unguwa guda, kafin a tashi shi ne a kujerar maigidan, manya na rusuna masa. (A ƙarshe duk harbe su ake yi, amma wannan ɓangaren ba ya zama a kaina.) In na fito har tafiyata canzawa take. Abin ya kai na sayi doguwar kwat ta gwanjo da baƙin tabarau, don kawai in riƙa zuwa kallo da su.

To akwai Alhaji Idi, ɗan kasuwa daga Maraɗi, mai sarin yadi da turare a kasuwar Ataba yana turawa gida. Nakan biya in karanta masa takardun Larabci, shi kuma ya sa a kawo mini shayi. Rannan na biya da hantsi, kwat a rataye a hannuna tunda ranar kallo ce. Sai ya ja ni bayan shago, ya leƙa hagu da dama, ya sassauta murya.

“Malam ƙarami, aikenka zan yi. Jiya wannan ya iso daga gida. Ka kai gidana a unguwar Faisal, ka damƙa wa Hajiya hannu da hannu. Kada ka buɗe. Kuma don Allah kada ka biya wajen 'yan uwanka ɗalibai, in suka ji labari na shiga uku. Tamam?”

Ƙunshi ne naɗe da leda kan leda, an ɗaure tamau da igiya. Na latsa, na ji wasu abubuwa masu tauri, faifai-faifai. Ashe Alhajin nan mai carbi da murmushi babban kifi ne! Kuma cikin ɗaliban Alƙahira kaf ni ya zaɓa! Na shaƙe murya irin ta mutanen fim na ce, “Alhaji, ka ɗauka an gama.”

Ya dube ni. “Mura kake yi?”

Ina fita na zura kwat, na maƙala tabarau. Watan Yuli ne fa, zafin da kare ma ke neman inuwa. Maimakon in hau mota ɗaya, sau uku na canza mikrobas, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, don in ɓatar da masu bina. (Ba mai bina. Ko ƙuda bai bi ni ba.) Ina zaune ina lissafin yadda za ta kasance: bana ɗan aike, baɗi na hannun dama, shekara uku Ataba duka a tafin hannuna. Gumi kuwa har cikin takalmi. Wata tsohuwa a gefena ta miƙo mini lemo ta ce, “Sha, ya ibni, zazzaɓin nan zai wuce.” Ban ko amsa ba, don uban daba ba ya karɓar lemo.

Na sauka a babban dandalin Giza ke nan, na yi taku biyar, sai na ji daga baya: “Ya ustaz! Ya ustaz!” Na waiga. Ɗan sanda ne cikin farin kaki, yana sauri ya nufo ni, hannu a ɗage.

A fim, nan ne jarumi zai jingina da bango ya kunna sigari. Ni kuwa tallafin karatuna na hango yana tashi sama, na hango Babana a tashar jirgi ana miƙa masa ni da ankwa. Na yar da ƙunshin, na ɗaga hannu biyu, na kwarma ihu da tsantsar Larabcin littafi, har da i'irabi:

“Wallahi ba nawa ba ne! Ni ɗan aike ne kawai! Na Alhaji Idi ne, mai shago a Ataba, layin masu yadi, ƙofa ta uku, mai koren ƙyaure!”

Ɗan sandan ya tsaya baki buɗe. Sai a lokacin na ga abin da ke hannunsa. Katina ne na ɗalibi, ya faɗi ta hudar aljihun kwat, bawan Allah ya tsinta ya biyo ni da shi.

To amma magana zarar bunu ce. Mutane sun taru, dole ya tasa ni gaba zuwa caji ofis. Babban jami'in ya sa aka buga waya Ataba, muka zauna kusan awa biyu, ƙunshi a kan tebur, ni a kan benci ina karanta duk addu'ar da na sani. Can sai ga Alhaji, babbar riga a karkace, yana haki.

Jami'in ya yanke igiya ya fara warware leda. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta biyar wani ƙamshi ya bugi ofishin, ƙamshin da na sani tun ina goye. Daddawa ce! Daddawa baƙa ƙirin, da ƙullin garin kuka a gefe.

Jami'in ya toshe hanci da hankici, ya dubi Alhaji. “Ya hag, wannan wace irin guba ce?”

“Kayan miya ne, ya basha,” in ji Alhaji. “Iyalina ke da juna biyu, wata bakwai, ba abin da ke zama a cikinta sai miyar gida.” Ya gutsira ya tauna a gabansu, ya gutsiro ya miƙo mini. Na tauna, hawaye na zuba. Jami'in ya yi dariya har da buga tebur, ya kira na ofishin gefe su zo su ga babban ɗan fasa-ƙwaurin da aka kama. Sannan ya ce, “Khalas, yalla, ku kwashe abinku, ku bar ƙofar a buɗe.”

Sai da muka yi nisa Alhaji ya yi magana, a hankali. “Malam ƙarami, marinka aka yi?”

“A'a, Alhaji.”

“Tambayarka aka yi?”

“A'a.”

“Har da launin ƙyaure.” Ya girgiza kai. “Ni fa abin da na guda, ɗalibai su ji an kawo daddawa su cika mini gida. Yanzu har hukumar Masar ta sani.”

Kuma abin da ya guda bai bar shi ba. Kafin sallar Juma'a labari ya gama Madinat Nasr, aka yi ta sallama a gidansa ana gaida Hajiya da jiki, kowa da 'yar ledarsa a aljihu. Ni kuwa har na gama karatu ba wanda ya ƙara kirana da sunana na yanka, sai Uban Daba.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In ɗan sanda ya kira ka, ka daure ka bari ya fara faɗin abin da ya kawo shi. In kuma kana neman mai riƙe maka asiri, don girman Allah ka tsallake ni.