Ranar Da Na Yi Wa Ƙwaƙwalwata Wayarin

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a masaƙar da na yi aiki a Sharaɗa, can a farkon shekarun tamanin, ranar da na yanke shawarar yi wa ƙwaƙwalwata gyara irin wanda nake yi wa injin.

Lokacin ina mataimakin mai gyaran wuta. An ce yabon kai jahilci, amma hannuna yana da kyau. In injin saƙa ya tsaya, ni ake aika wa. Ciwona ɗaya, jarrabawar ƙarin girma. Babban injiniyanmu, Alhaji Garba, shi yake zaunar da mutum ya yi masa tambayoyi da baki, kuma da zarar ya leƙo ni ta saman tabarau sai kaina ya ɗauke ɗif. Sau biyu ina shiga ina fitowa da gumi. A wannan shekarar kuwa mutum biyu da ni na koya musu riƙon filaya za su shiga tare da ni. In suka ci na faɗi, ni zan koma ɗaukar musu tsani.

Ana cikin haka na sayi tsire a Panshekara, aka naɗo min shi a shafin wata tsohuwar mujallar Turanci. Ina ci ina karantawa. Wai likitoci a ƙasashen waje suna tsikarar ƙwaƙwalwar marar lafiya da 'yar wutar lantarki don su gano yadda take ajiye abu, har wani ya tuno waƙar da ya ji yana yaro. Wai kuma tunawa ba a akwati ɗaya take ba, sassa ne da yawa suke aika wa juna saƙo ta wasu siraran hanyoyi. (Ragowar shafin, inda nake zaton gargaɗin yake, ya tafi da tsiren wani.)

Na ajiye tsinke na ce to, ai wannan aikinmu ne. Karatun yana nan a ciki, waya ce kawai ta saki.

Mu masu gyaran wuta muna da wata na'ura da muke kira mega, 'yar akwati ce mai hannun juyawa da waya biyu. In ka juya hannun sai ta haifar da wuta, da ita muke gwada lafiyar waya. Al'adarmu ce, duk abin da ya ƙi aiki, kafin a buɗe shi sai a ce a sa masa mega. Ban ga dalilin da zai sa kaina ya fi sauran kayan kamfani gata ba.

Mutum ba ya iya riƙe waya biyu kuma ya juya hannu, don haka na nemi Malam Idi, wani dattijo mutumin Damagaram mai kula da injin kaɗi. Ranar jarrabawa, da aka tashi cin abincin rana, na jawo shi ɗakin gyara. Na jiƙa auduga da ruwan gishiri (auduga dai ba ma rasa ta a masaƙa), na manna a gefen kaina dama da hagu, na ɗaure ta da ƙyalle, na dafe wayoyin a kanta.

"Ƙanena," in ji Malam Idi, "a garinmu in karatu ya ƙi zama, rubutu ake sha. Wannan kuma wane malami ya ba ka?"

"Malam, wannan ilimin zamani ne. Ku dai ku juya a hankali."

"A hankali kamar yaya?"

"Kamar kuna wana agogon hannu."

Ashe Malam Idi bai taɓa mallakar agogo ba, amma ya yi shekara goma yana tayar da injin niƙa da hannu kafin ya zo Kano. Ya yi bisimilla, ya gyara tsayuwa, ya murza.

Jama'a, na ga wani haske wanda ba na rana ba. Haƙorana suka gaisa da juna. Kuma in faɗi gaskiya, mujallar ba ta yi ƙarya ba, don kuwa na tuno wani abu. Sai dai ba lissafin wuta ba ne. Abin da ya fito daga bakina, da muryar da ta kai har ƙofar kamfani, shi ne:

"Wayyo Inna! Wallahi ba ni na shanye furar Baba ba!"

(Ni na shanye ta. Ina ɗan shekara bakwai.)

Na yi baya na ture bokitin baƙin mai, na zauna daɓas a cikin man da ya malale. Kafin in gane gabas, masu cin abinci sun cika ƙofa da kwanukansu a hannu. Sai na ga sun dare gida biyu, Alhaji Garba ya shigo, fayil ɗin jarrabawa a hammata. Ya dubi mega, ya dubi audugar da ke kaina, ya dubi Malam Idi.

"Yallaɓai, ni juyawa kawai aka ce in yi," in ji dattijon, ya sulale.

Alhaji ya jawo kujera ya zauna. Ya ce tunda ga ɗalibi ga kayan aiki, ba sai mun wahala zuwa ofis ba.

"Faɗa min dokokin aiki da mega."

Abin da har yau yake ba ni haushi ke nan: na faɗe su tsaf. A kashe wuta tukuna. A tabbatar hannu a bushe yake. A tabbatar babu mahalukin da yake taɓa waya. Ina zaune cikin baƙin mai, ruwan gishiri yana gangaro min a wuya, ina jero su ba gargada, karo na farko a rayuwata. Ya ƙara min tambaya huɗu, duk na amsa. Har wani a bakin ƙofa ya ce, "Kai, abin nan fa ya yi aiki!"

Alhaji ya rufe fayil.

"Madalla. Ka ci ta baki," ya ce. "Ta aiki kuma mun ga yadda ka yi. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na jawo ta na rufe. Na tafi gida a ƙafa, don babu direban da zai yarda in zauna masa a kujera da wannan wandon.

Likitocin can suna da asibiti da shekarun karatu, ni kuwa rabin takardar tsire nake da shi. Amma na gano abu ɗaya da ban sani ba ko sun kai gare shi: in kana so abu ya zauna daram a ƙwaƙwalwa, ba sai ka wahalar da lantarki ba. Ka yi shi a gaban mutane kawai, ka ji kunya yadda ya kamata.