Sikelin da Ya Ba Kowa Hamsin

Bulus ya cuce ni, kuma yana sane. Shago ɗaya muke gyaran kwamfuta a Wuse. Wani Alhaji mai siton hatsi a Kwali ya ba ni aiki, yana so sikelinsa ya riƙa tura nauyin buhu cikin kwamfuta ta adafta. Sati uku ina fama da direban adaftar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba, ina ta cika baki.

Wajen gwaji na haɗa haƙora biyu na filogin adaftar da 'yar wayar lantarki, don abin da kwamfuta ta aika ya dawo mata. Na aika hamsin, hamsin ta dawo. Sai na manta wayar a ciki, hamsin ɗin nan tana ta zagayowa. Bulus ya gani, ya yi gum.

Ranar nunawa aka ɗora masara a sikeli, allo ya ce kilo hamsin, na gyara zaman hulata. Aka ɗora dawa, hamsin. Alhaji ya hau da tumbinsa, hamsin.

Aikin ya kuɓuce, suna ya manne mini. Jiya ma Bulus ya ce, "Injiniya Hamsin, an tashi lafiya?"

Na ce, "Bulus, kai ko a sikelina ba za ka kai hamsin ba."