Ranar da Aka Ɗauke Finjalina

Ko na manta da komai na Makka, ba zan manta da ranar da aka ɗauke finjalin gahawata ba.

Ni 'yar Maraɗi ce, lalle nake yi wa amare a shagon Hajiya Rabi a unguwar Zahir, iƙamata ma, wato takardar izinin zamana, a hannunta take. Daga sakandare na taso da wata ɗabi'a: duk abin da ya kwanta mini a rai sai in ce da Faransanci “coup de cœur”, wato zaɓin zuciya. Shawarma, abaya, turare, duk sun sha wannan kirarin. (Gaskiya, so nake a san na yi boko.)

Rannan aka tura ni unguwar Hindawiyya yi wa wata amarya lalle. Tana cire ɗankwali, gashi ya zubo har gadon baya. Na dafe ƙirji na ce, “Wannan gashin, coup de cœur ɗina ne.” Masha Allah ko ɗaya bai fito daga bakina ba. Kakarta ta ce, “Esh galat? Me ta ce?” Ni kuwa uwar iyawa, na gyara zama ina fassara mata, har da koya mata furuci.

Ban gama hannu ɗaya ba, amarya ta ce jiri take ji, ta sulale. (Tun safe ba ta ci komai ba, amma wa zai saurare ni?)

Sai na ga kakar ta ɗauki finjalin da na sha gahawa a ciki, ta tsince ƙwallayen dabinon da na ci. Na miƙe da ladabi na ce, “Hajiya, kawo in wanke.”

“Zauna, ya binti, 'yata. Da ruwansa za a yi mata wanka.”

Nan na gane kambun baka ake zargina da shi. A gaban matan gidan duka aka sa ni alwala cikin roba, aka haɗa da ɗaurayen finjalin, aka zuba wa amarya.

Ta farfaɗo. Wannan ne ya ƙarasa ni, don kowa ya ce magani ya ci.

Tun ranar babu amaryar da ta neme ni. Hajiya Rabi ta mayar da ni bayan labule ina kwaɓa lalle. In na tambaye ta maganar sabunta iƙama, sai ta ce, “Inshallah, mu gani.” Masu goyo in sun hango ni, jan mayafi suke yi kan jariransu.

Jiya har kwandon shara na ce wa Masha Allah. Faransanci kuwa, ko a mafarki, sai na waiga ko akwai kaka a kusa.