Sunan Ɗan Fari

Da, in magana ta cije a danginmu na Roni, ni ake kira. Yanzu sai an gama nake jin labari.

Na zauna a Alƙahira, na zauna a Faris. A can na karanci ilimin masu cewa abin da mutum ya danne a zuciya tun yana yaro shi ke juya shi har tsufa. Na dawo da shi da zafinsa.

Da Sule, ɗan farin ƙanwata Dije, ya ƙi aure, aka tara dangi aka ce in yi masa faɗa. Na gyara zama, na ce yaro ba shi da laifi. Uwar da ba ta kama sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wai kunya, ita ta sa masa tsoron mata. Har da Faransanci na ƙara.

Sule ya sunkuyar da kai. Dije ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, ai kai ma ɗan fari ne. Inna har ta koma ga Allah ba ta kama sunanka ba, ga shi aurenka biyar."

Na ce ai wannan ma alamar ciwon ce. Nan dariyar ta ɓarke, har liman.

Har gobe ina kan bakana. Sai dai tun ranar, duk tsohuwar da na gitta sai ta kira sunana ɓaro-ɓaro, wai kada in yi na shida.