Man Shanu a Idon Kyamara

"...ina gajiyar hanya, amarya? Ko direban motar Gwaram ne ya so ya gudu min da ke?"

"Ba gajiya. Matso haske in ga fuskarka tukuna."

Inna Barira ce tsaye a ƙofar shagon hoton jikanta Safiyanu, a bakin titi cikin Birnin Kudu, da ƙullin kaya a hammata. Sati uku ke nan da aka cire mata yanar ido. Shekara tara ta yi tana ganin duniya kamar ta bayan tururin tukunya, yanzu kuwa komai ya fito mata garau, har ƙudan da ke kan labule. Sunan marigayi mijinta yaron ya ci, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Maigida take ce masa, shi kuma amarya.

Ta kama haɓarsa ta juya dama, ta juya hagu.

"Innalillahi! Ashe haka kake? Wannan hancin a wace kasuwa aka tsinto shi?"

"Na gado ne. Naki ne sak."

"Ƙarya kake! Shekara tara ina cika baki a Gwaram, ina cewa mijina ya fi na kowa kyau. Ashe yana ce ta rufa maka asiri."

"To mu koma wajen likita ya mayar miki da abarki."

"Da na san abin da zan gani, ai da na ce ya bar min ta ido ɗaya, na kallonka."

Ta zauna ta kwance ƙullin. Gwangwanin man shanu ne a ciki, tsarabarsa, da wani tsohon hoto cikin firam. Wani magidanci ne da hula zanna, gemunsa baƙi ƙirin. Shekaru sun lashe hoton har gefensa ya narke, fuskar ta yi laushi kamar wata a bayan gajimare.

"Au, da tsohon mijinki kika zo min shago? Ki ji tsoron Allah, amarya!"

"Yi masa shiru, ya fi ka komai." Ta shafa firam ɗin da bakin mayafi. "Hoto za ka yi min, in rataye kusa da nasa. Amma ka ji sharaɗi. Ranar da aka buɗe min ido na duba madubi, sai na ga wata tsohuwa ta shigo min ɗaki ba sallama. Na ɗaga kai bango, ga Malam yana nan yadda ya tafi, ko furfura ɗaya babu. Idan ka ɗauke ni garau, duk wanda ya shigo cewa zai yi ni uwarsa ce. Dishi-dishi nake so, irin nasa."

"Mutane na zuwa nan don su fito tangaran, ke kin biyo mota tun daga Gwaram don a ɓata ki."

"Ɓatawa ai ita ka fi iyawa. Ɗauka!"

Ya ɗauka, ya nuna mata a kwamfuta. Ta dafe ƙirji.

"Wannan ai gona ce aka yi wa huɗa! Saura a zuba iri."

"Da damina ta sauka, gero buhu goma zan girbe a goshin nan."

"Bakinka ya yi tsami, ɗan nema!"

"Kwantar da hankali. Akwai manhaja a nan da ke mayar da kaka budurwa."

Ya danna nan, ya ja can. Layukan goshi suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, kumatu suka yi sumul. Ya juyo mata da allon yana hura hanci.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, ranar da na fara zuwa zance."

"Wannan dafaffen ƙwai ne aka ɓare aka ɗaura wa ɗankwali!"

Dariya ta kama ta har da tari. Sai kuma ta tsaya cak. Ta kai yatsa kumatunta na hagu, inda tsagar billenta take tun tana cikin zanin goyo, ta kai yatsan kan allon.

"Ina billena?"

"Na'urar ba ta san bille ba, amarya. Duk layi a wajenta tsufa ne."

"Mu goma sha biyu muke jeruwa da ƙoren nono a kasuwar Gwaram, shigarmu iri ɗaya. Da wannan billen Malam ya yi wa wansa kwatancena." Ta fara naɗe zanin ƙullin. "Bar shi kawai. Wannan matar bai san ta ba. Gara ya zauna shi kaɗai a bango da in rataye masa baƙuwa."

Safiyanu ya sunkuya kan ƙullin. Ya ɗauki firam ɗin zai miƙa mata, sai ya ji maiƙo a hannu. Zafin mota ya narkar da man, ya ɗiga a kusurwar gilashin. Ya karkata shi wajen ƙofa, ya ga hasken hantsi ya faɗa kan maiƙon ya bazu, ya yi taushi. Nan ya tuna wata dabara da tsohon da ya koya masa sana'a ya taɓa nuna masa, ya raina ta a lokacin.

"Zauna! Ba inda za ki, ban sake ki ba."

Ya ɗauko wani ɗan farin gilashi da ake ɗaurawa a idon kyamara don kare shi daga ƙura. Ya buɗe gwangwanin ya lakato man da ɗan yatsa.

"Kai! Man da na kaɗa da hannuna za ka ciyar da ƙarfe?"

"Ita ma matata ce, tana da rabo."

Ya shafa siriri a kewayen gilashin, ya bar tsakiya fes. Ya kashe fitilun shago, ya ja kujerarta bakin ƙofa yadda rana za ta sauko mata ta bayan kafaɗa, ya juya ta billen ya fuskanto shi.

"Saki fuska mana. Kin yi kamar an kwace miki akuya."

"Wa zai kalli hancin nan ya yi fara'a?"

"To shi ke nan. Gobe zan auri Hadijatu mai awara, ita haƙoranta sun cika."

"Hadijatu? Ka kai mata hancin, ta samu mazurarin zuba mai!"

Maganarta ce ta ba ta dariya, ta kwashe har mayafi ya zame. A daidai nan kyamara ta yi ƙyas.

Da takardar hoton ta fito, ya ajiye ta gefen hoton Malam. Inna Barira ta sunkuya. Gefen mayafinta ya narke cikin haske, furfurarta ta zama kamar auduga a rana. Layukan fuskar suna nan, amma sun kwanta, sun daina ihu. A tsakiya ga idanu biyu suna dariya, ga bille a zaune daram. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta daɗe. Kamar rana ɗaya aka ɗauke su, a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

"Zai gane ni," ta ce a hankali. Ta goge ido da sauri. "Wannan sabon idon yawan ruwa gare shi."

"Yanzu ki faɗa da bakinki, na fi shi iya kula da mace."

"Kai me ka yi? Saniyata ce ta ɗauki hoton nan, kai danna maɓalli kawai ka yi."

Ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "Na sallama. A gaishe min da saniya."

Ta naɗe hotunan biyu wuri ɗaya, fuska da fuska, ta tura masa gwangwanin.

"Ungo sauran. Kada ka ci. Duk yarinyar da za ka je zance wajenta, ka fara shafa mata a ido."