Ranar da Na Karɓe Jikana

Shekarar da ruwan kogi ya ci mini ɗaki a Haɗeja, na koma gidan ɗana. Jaririnsu ko zama bai fara ba. Kullum ina kan uwar: "Ke, barcinki nauyi gare shi, wata rana sai kin danne yaron nan."

Rannan bayan azahar na karɓe shi, na ce ta je ta yi wankinta, ni da na goyi tara ba a koya mini kwanciya da jariri. Na sa shi ta jikin bango, na tokare shi da filo, na kishingiɗa don bayana ya huta kawai.

Salatinta ne ya tashe ni. Yaron ya zurma tsakanin katifa da bango, filon a fuskarsa. Ta zaro shi tana hura masa iska, sai can ya tsanyara kuka. Daga ranar ba ta ƙara bar mini shi ba.

Yanzu har gudu yake yi. Da na shimfiɗa tabarma sai maƙwabta su ce, "A janye wa Iya mijinta, kada ta sake neman takaba."