Yadda Nomau Ya Dafa Girma

A garin Ruwan Tsamiya akwai wata tsohuwa, Inna Dije, mai 'ya'ya uku maza: Ilu babba, Sale mai bi masa, sai autansu Nomau. Nomau ya yi gemu, yana noma kamar bijimin sa, amma duk maganar da ka faɗa masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. Ilu da Sale kuwa, masu wayon gidan, shekara guda ba sa ga maciji a kan dangar da ta raba sassansu. Abin ya ci wa Inna rai har ta rantse ba za ta ƙara cin tuwon kowannensu ba sai sun shirya. Koko kawai take sha, tana ta ramewa.

Wata rana Inna ta ce, "Nomau, ko su ba su da kunya, kai dai ka riƙa ba yayyenka girma." Nomau ya zagaya gidan yana neman abin da ya fi komai girma, sai ya hangi wata ƙasaitacciyar kabewa kwance a gindin dangar nan. Ya tsinko ta da nishi, ya dire gaban Ilu, ya ce, "Yaya, ga girma." Sale ya leƙo ya ga kabewar da ya shuka, ya ce sata har da aike. Ilu ya shure ta, ta gangara tsakar gida, rigima ta dawo sabuwa fil.

Wata rana ana cacar baki ta kan danga, matar Sale ta ce, "Yaya Ilu, ka ja girmanka." Kafin Ilu ya amsa, Nomau ya ɗaura wa kabewar igiya ya miƙa masa bakinta. "Ja a hankali, Yaya, yana da nauyi." Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki.

Wata rana kuma liman ya ce a ƙofar masallaci, "Ilu yana zubar da girmansa a gari." Nomau ya duba kabewa, ya ga ba ta fashe ba, ya ce to wani girman ne a jikin Yaya yake yoyo. Ranar wuni ya yi yana bin Ilu da ƙwarya, daga kasuwa har bakin rijiya, yana tara ta a ƙarƙashin rigarsa.

Wata rana Inna ta kasa tashi daga tabarma. Ta kira Nomau da murya mai ban tausayi, ta ce, "Je ka ce wa Ilu ya ci girma, shi ne babba." Nomau ya fasa kabewar, ya dafa, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli, ya ɗauko a babban akushi. Ya tarar da Ilu a zaure cikin mutane.

"Inna ta ce ka ci girma. Ga shi na dafa."

Mutane suka fara ƙunshe dariya. Ilu ya ce, "Wa zai cinye wannan shi kaɗai?"

"Ni ma na gani. Kuma ba naka ba ne kai kaɗai. A sashenka ya kwanta, amma saiwarsa tana wurin Yaya Sale. Ka dai yi sauri, Inna ba ta iya tashi, kuma ba za ta ci komai ba sai ka ci."

Dariyar ta mutu. Ilu ya miƙe, ya ɗauki akushin da hannunsa, ya je bakin danga ya ce, "Sale, wanko hannu, mu je ɗakin Inna."

Nomau ya bi su a baya yana cewa su rage wa tsohuwa, girman ba shi da yawa.